Yadda Ake Samun Gwanintar Faɗa a Wasan Gem Cikin Sauri

Na san wasu daga cikinku za su yi mamaki da suka ga ɗalibi ya ɗauki alƙalami, maimakon ya yi rubutu a kan amfanin ilimi ko illar shaye-shaye kamar yadda aka saba a wannan fili, sai ga shi ya ɓuge da zancen wasan gem. To, ina roƙon ku yi haƙuri ku bi ni a hankali, domin ba haka kawai na zaɓi wannan batu ba. Duk wanda yake kwana a makaranta ya san cewa a makon farko na dawowa daga hutu, da zarar an kashe fitila a ɗakin kwana, babu hirar da ta kai wannan armashi. Wannan ya ce ya kai mataki kaza, wancan ya ce ƙarya ne, wani kuma ya tashi zaune bisa gado yana tambaya a gaya masa dabarar da aka bi. Da yake dokar makaranta ta hana riƙe waya, 'yan makonnin hutun nan su kaɗai gare mu, shi ya sa kowa yake son hawa cikin gaggawa. Wasu sun yi asarar kuɗi saboda wannan gaggawa, wasu sun yi asarar barci, wasu ma har abin ya taɓa karatunsu. Saboda haka na ga ya kyautu in bayyana abin da na fahimta, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Ni mutumin Boɗinga ne, watau garin nan da ke kudu da Sakkwato a kan hanyar Tambuwal, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya taɓa zama. Mahaifiyata kuwa 'yar Shagari ce, kuma danginta mahauta ne. Saboda haka nakan raba hutuna biyu, rabi a gida, rabi a wurin kawuna a Shagari. A Boɗinga na koyi buga gem, amma kamar yadda za ku ji nan gaba, a Shagari na fahimce shi.

Da farko ya kamata mu san mene ne mataki. A yawancin wasannin faɗa, mai wasa yana da wani ɗan mutum a cikin na'ura wanda yake sarrafawa. Duk sa'ad da ɗan mutumin nan ya bugi abokin gaba, ko ya cika wani aiki da aka sa shi, sai na'ura ta rubuta masa maki. Idan makin ya taru ya kai wani adadi, sai a ce ya hau mataki na gaba, a ƙara masa ƙarfi, ko a buɗe masa wani makami da a da bai isa ya riƙe ba. Wannan tsari ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Asalinsa wani wasa ne mai suna Dungeons & Dragons, wanda wasu mutane biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a Amurka a shekarar 1974, kuma da takarda da fensir ake yin sa. Daga nan masu ƙera wasannin kwamfuta suka ari dabarar. Wasannin dambe na mutum biyu kuma suka yi tashe bayan fitowar Street Fighter II a Japan a 1991, da Mortal Kombat a Amurka a 1992, da Tekken a 1994. Mu nan wayar hannu ba ta iso mana ba sai a 2001, amma ga shi yau yaron da bai taɓa wuce Yabo ba yana iya karawa da wani a Masar ta hanyar Free Fire, wanda ya fito a 2017, ko PUBG Mobile na 2018, ko Call of Duty Mobile na 2019.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, gwaninta iri biyu ce. Akwai ta cikin na'ura, watau lambar nan da ake rubutawa kusa da sunanka. Akwai kuma ta cikin jikinka, watau abin da idonka da yatsunka da hankalinka suka iya. Ta farko ana iya hanzarta ta da dabara, ana ma iya sayen ta. Ta biyu kuwa babu kasuwar da ake sayar da ita. Yawancin masu kuka da cewa sun kasa ci gaba, sun kasa bambanta waɗannan biyu ne. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Hawan lambar cikin na'ura

Masu ƙera wasanni ba wawaye ba ne. Sun san idan mutum ya sha wuya tun a ranar farko zai ajiye wasan ya tafi, saboda haka sukan sa matakan farko su yi sauƙi ƙwarai, sa'an nan su riƙa ƙara nisa tsakanin mataki da mataki. Yayana, wanda yake karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya nuna mini misalin da ban taɓa mantawa ba. Akwai wani wasa na Ingila mai suna RuneScape, wanda ya fara fitowa a 2001. A tsohon samfurinsa, wanda har yanzu ake bugawa, kowace fasaha tana da mataki 99. Daga mataki na 1 zuwa na 2 maki 83 kacal ake bukata. Kafin a kai mataki na 50 sai an tara maki 101,333. Amma mataki na 99 sai da maki 13,034,431. Idan ka yi lissafi za ka ga wanda ya kai mataki na 50, yana murna ya yi rabin hanya, ko kashi ɗaya cikin ɗari bai yi ba. Rabin hanya na gaskiya yana mataki na 92, inda ake da maki 6,517,253. Dalili kuwa shi ne, makin da ake bukata yana ninkawa kusan bayan kowane mataki bakwai. Duk wanda ya yi darasin jerin lambobi masu ninkawa a ajin lissafi zai gane wannan nan take. Ni dai ranar ce na fara ganin amfanin darasin.

To, idan haka ne, yaya ake yin sauri? Hanya ta farko ita ce ka san abin da ake biyan maki a kansa. Kowane wasa da tasa ƙa'ida. A RuneScape ɗin nan, ana ba da maki 4 a kan kowane ɗigo na ɓarnar da ka yi wa abokin gaba, ba a kan yawan waɗanda ka kashe ba. Shi ya sa gwanayen wasan ba sa zuwa neman dodanni masu ban tsoro, sai su tafi bakin ruwa su tsaya suna dukan wasu ƙaguwoyi masu tsawon rai amma marasa ƙarfin duka. A wani wasan mai suna Skyrim, na shekarar 2011, fasaha tana ƙaruwa ne da yawan amfani da ita: mai son ƙwarewa a garkuwa sai ya yi ta tare sara, mai son ƙwarewa a baka sai ya yi ta harbi. A Call of Duty Mobile kuwa, bindigar da ka fi riƙewa ita ke hawa mataki, ana buɗe maka kayan da za ka ɗaura mata. Wanda bai tsaya ya binciki ƙa'ida ba, yana iya kwana uku yana wahala a inda babu lada.

Hanya ta biyu ita ce zaɓen abokin karawa daidai da kai. Idan ka tsaya wurin masu rauni ƙwarai, makin da za ka samu bai taka kara ya karya ba. Idan kuma ka tsallaka wurin waɗanda suka fi ka nesa, za a yi ta kashe ka, lokacinka ya ƙare a jiran sake farawa. Wuri mafi riba shi ne inda kake ci sau da yawa amma sai ka yi gumi.

Hanya ta uku ita ce cika ayyukan yini. Kusan duk wasannin waya sukan jera wasu 'yan ayyuka kullum, alal misali a ce ka buga sau kaza, ko ka yi amfani da makami kaza, kuma ladansu ya fi na wasan banza yawa. Haka nan akwai ranakun da ake ninka maki. Mai hankali yakan duba jerin nan tukuna, ya cika su cikin ɗan lokaci, ya ajiye waya. Sa'a guda da tsari ta fi yini guda na kame-kame.

Hanya ta huɗu ta shafi wasannin da ake zuba mutane a tsibiri, kamar Free Fire mai ɗaukar mutum 50 da PUBG mai ɗaukar mutum 100, inda fili yake ta ƙanƙancewa har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. A irin waɗannan, makin daraja yana fitowa daga abu biyu, watau yawan waɗanda ka kayar da kuma daɗewar da ka yi a raye. Sabon shiga yakan diro tsakiyar cunkoso don a ce shi jarumi ne, kafin ya tsinci bindiga an gama da shi, makinsa ya ragu. Gara ya sauka gefe, ya tara kaya a natse, ya bi gefen fili, ya zaɓi faɗan da yake da tabbacin ci. Ba tsoro ba ne, lissafi ne.

Duk waɗannan dabaru gaskiya ne, na kuma gwada wasu sun yi mini aiki. Amma ga inda gizo ke saƙa. Na'ura takan haɗa ka da mutanen da suke daraja ɗaya da kai. Idan ka hau da ɓuya da dabara kawai, ranar da ka isa sama za ka tarar da mutanen da suka hau da hannunsu, su kuwa ba sani ba sabo. Haka ya faru gare ni a dogon hutun da ya wuce. Na hau da sauri ina ta fankama a shagon caji na unguwarmu, bayan kwana kaɗan aka yi ta yi mini dukan kawo wuƙa, har na koma ƙasa da inda na faro.

Abin da na koya a wurin Kawu

Cikin wannan baƙin ciki na tafi Shagari. Kawuna tsohon ɗan dambe ne. A zamanin ƙuruciyarsa, da an gama girbi, shi da abokansa sukan bi gari gari da makaɗansu na kalangu suna neman abokan karawa, kamar yadda 'ya'yan mahauta suka gada. Yanzu ya manyanta, sai sana'ar fawa, amma har gobe in ya ji an sa waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago sai ka ga kafaɗarsa tana motsi.

Wata rana da hantsi ina zaune a zaure ina buga wani wasan dambe a wayar yayana, sai ya shigo ya tsaya a kaina yana kallo. Can ya ce, "Kai ɗana, mi kaka yi da wanga abu tun sahe?"

Na ce, "Kawu, dambe nake yi."

Ya ƙara duƙowa, ya ga yadda nake ta danna madannai ba ji ba gani, ana kuwa ta kayar da ni. Sai ya yi dariya ya ce, "Dambe? To ina garkuwakka? Wanda bai iya tsaron kainai ba, ba ɗan dambe ba na."

Daga nan ya zauna ya yi mini bayani, ni kuwa na ajiye waya na kasa kunne. Ya ce ɗan dambe hannu biyu gare shi kuma kowanne da aikinsa. Wanda aka naɗe da ƙyalle da zare shi ne mashi, shi ake kai bugu da shi. Ɗayan kuma da ake miƙawa gaba a buɗe shi ne garkuwa, da shi ake auna nisa, a tare bugu, a ture abokin gaba. Ya ce 'yan kallo mashi suke kallo, amma masana garkuwa suke kallo. Turmi uku ake yi, kuma da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an ce an yi kisa, magana ta ƙare. Saboda haka kuskure guda ya isa ya rusa duk ƙarfin da mutum yake taƙama da shi. Da na duba sai na ga wasan da ke hannuna ma a kan turmi uku aka gina shi, wanda ya ci biyu shi ya yi nasara.

Abin da ya gaya mini a ranar da sauran kwanakin, na tattara shi gida biyar, na kuma gwada kowanne a kan gem na ga ya zauna daram.

Na ɗaya, a fara da kariya. A Mortal Kombat akwai madanni na musamman na tare bugu, a Street Fighter da Tekken kuwa ja da baya ake yi. A Free Fire akwai wata katanga da ake jefawa ta tsaya a gabanka nan take ta tare harsashi. Sabon shiga ba ya kula da waɗannan, shi dai a bar shi ya kai bugu. Amma mafi shaharar abin da aka taɓa gani a tarihin wasannin dambe na kwamfuta kariya ce. A gasar Evo ta shekarar 2004 a Amurka, wani Bajapane mai suna Daigo Umehara yana karawa da Justin Wong, ran ɗan mutuminsa saura ƙiris, ko bugu ɗaya ya taɓa shi ya faɗi. Aka kawo masa jerin shuri goma sha biyar a jere, ya kaɗe su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya mayar da martani ya ci turmin. Har yau ana kallon wannan bidiyo.

Na biyu, a riƙe abu ɗaya. Kawu ya ce shi bugu biyu kawai ya iya da kyau, amma ya maimaita su har hannunsa yana kai su kafin zuciyarsa ta ba da umurni. Mu kuwa yau ka ɗauki Scorpion, gobe Sub-Zero, jibi Liu Kang, a ƙarshe babu wanda ka sani. Zaɓi ɗan wasa guda, ko bindiga guda ta kusa da guda ta nesa, ka zauna a kansu har hutu ya ƙare. Haka nan saitin saurin juyawa na waya, in ka sami wanda ya dace da yatsanka, bar shi a nan. Mai canza saiti kullum don ya ji wani gwani ya canza, kamar mai canza takalmi ne a tsakiyar tsere.

Na uku, a yi atisaye a inda babu 'yan kallo. Kafin ɗan dambe ya shiga fili, ya daɗe yana gudu da asuba, yana dukan buhun yashi, yana gwada hannu da 'yan gidansu. Kusan kowane wasa yana da filin gwaji inda babu ci babu faɗuwa, amma yara ba sa shiga saboda ba a ba da maki a can. Wannan kuskure ne babba. Minti goma sha biyar a filin gwaji, kana maimaita jerin bugu guda ko kana koyon ɗaga bindiga zuwa kai, ya fi wasa goma na hauka. Kuma gara a yi kaɗan kullum da a tara a yi dare guda, domin hannu yana riƙe abin da aka koya masa ne bayan an huta an yi barci.

Na huɗu, a nemi ubangida. A dambe babu wanda yake tsirowa daga ƙasa. Shi ya sa za ku ji ana kiran 'yan dambe da Shagon wane ko Autan wane, watau ana jingina su ga wanda ya koya musu, kuma kowa yana da ɓangarensa, ko Arewa ko Kudu ko Guramada. Yaro yakan daɗe yana riƙe wa ubangidansa kaya, yana kallon yadda ake naɗa hannu, kafin a ce ya shiga. Haka ya kamata mu yi. Ka nemi wanda ya fi ka ka zauna kusa da shi, ka bar shi ya yi ta kayar da kai, kana tambaya. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kada wani ya ce ai mu a ƙauye muke, ba mu da kayan aiki. Arslan Ash, wani saurayi daga Lahore ta ƙasar Pakistan, a gidajen gem na garinsu ya koyi Tekken yana karawa da gwanayen unguwa, a lokacin da duniya ba ta san ana wasan a ƙasarsu ba. A shekarar 2019 ya ci gasar Evo ta Japan, ya kuma ci ta Amurka, ya kayar da zakarun Koriya da na Japan.

Na biyar, kuma wanda ya fi wuya, a yi nazarin faɗuwa. Kawu ya ce duk ranar da aka kashe shi a fili, ba ya barci sai ya gano ta inda bugun ya shigo. Ko ya sauke garkuwa ne, ko ya matsa kusa da bahago ta ɓangaren da bai kamata ba, ko kuwa kirarin makaɗa ne ya ɗebe shi ya yi garaje. Mu kuwa da an ci mu sai mu ce sabis ne ya yanke, ko waya ta yi zafi, ko wancan maguɗi yake yi. Wani lokaci gaskiya ne, amma sau da yawa ƙarya muke yi wa kanmu. Bayan kowace faɗuwa tsaya ka tambayi kanka tambaya guda: mene ne na yi kafin a buge ni? Idan ka sami amsa, faɗuwar nan ta zama darasi. Idan ka danna sake farawa cikin fushi, ka faɗi a banza.

Da na dawo Boɗinga na bi waɗannan ƙa'idoji na mako biyu. A makon farko lambata ba ta motsa ba, har abokaina suna yi mini ba'a. A mako na biyu sai ta fara hawa, kuma wannan karon ba ta sake zamewa ba. A nan na gane cewa hanyar da take kamar ta fi nisa, ita ce ta fi kusa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ramukan da ke kan hanya

Ba zan rufe wannan bayani ba sai na yi gargaɗi a kan hanyoyin da ake cewa na yanke ne. Akwai masu sayen asusun wani da ya riga ya hau. Wannan daidai yake da yaro ya ari sunan babban ɗan dambe ya shiga fili, turmin farko asirinsa zai tonu. Akwai masu sa manhajar maguɗi wadda ke nuna musu mutane ta bayan bango ko ta saita musu bindiga. Kamfanonin wasanni suna rufe irin waɗannan asusu, wahalar watanni ta tafi a iska, ga kuma haɗarin shigo da cuta cikin waya. Ban da haka ma, ha'inci ha'inci ne, ko a wasa ko a ɗakin jarrabawa.

Mafi muni su ne 'yan damfara. Wani abokina, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya haɗu da wani a intanet da ya yi masa alkawarin lu'ulu'un wasa masu yawa a kan kuɗi kaɗan, ya ce kuma zai hawar masa da daraja cikin kwana biyu in ya ba shi lambobin sirrinsa. Abokin nan nawa ya ɗauki kuɗin da mahaifinsa ya ba shi na sayen sabulu da garin kwaki da sukari na komawa makaranta, ya tura. Daga ranar bai sake jin ɗuriyar mutumin ba, asusun ma ya tafi. Haka ya dawo makaranta da akwati fayau, mu muka riƙa taimaka masa har aka yi ranar ziyara, kuma har yau bai iya gaya wa mahaifinsa gaskiya ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Rami na ƙarshe shi ne lokaci. Ku tuna da lissafin nan na RuneScape: an gina matakan ne yadda kullum za ka ji saura kaɗan, alhali saura da yawa. Ayyukan yini ma da na yaba a baya, an ƙirƙiro su ne don ka dawo gobe. A wasu wasannin, da kakar wasa ta ƙare sai a sauke darajar kowa a ce a sake hawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su a 2019, jerin ya fara aiki a 2022. Alamunta kuwa su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar da yake yi masa. Ba kowane mai buga gem ne yake da wannan ciwo ba, amma duk wanda ya ga an aike shi ya ƙi zuwa, ko an tafi gona ya maƙale, ko asuba ta same shi da waya a hannu, to ya binciki kansa. Ɗan dambe ma yana da lokacinsa. Da damina yana gona ko yana mahauta, sai kaka ta yi yake naɗa hannu.

Daga ƙarshe, 'yan'uwana ɗalibai, ga abin da ya fi ba ni mamaki. Da na dawo makaranta wannan zango, sai na lura ƙa'idojin nan biyar na Kawu ba na dambe da gem kaɗai ba ne. Ni lissafi ne yake kayar da ni tun ina aji ɗaya. Yanzu na daina tsallake abin da ban iya ba. Nakan ɗauki babi guda in zauna a kansa, in yi ɗan atisaye kullum a lokacin karatun dare, na kuma nemi wani ɗan ajinmu da ya fi ni na zama shagonsa. Idan malam ya dawo mana da takardun gwaji, maimakon in cusa tawa a ƙarƙashin katifa kamar da, sai in duba ta inda bugun ya shigo. Satar amsa kuwa na gane ita ce sayen asusun wani: lamba za ta hau, amma ranar da aka shiga fili na gaskiya babu mai ceto. Jarrabawar WAEC da NECO suna gabanmu baɗi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka wanda zai buga gem a hutu mai zuwa ya buga da tsari, ya ƙayyade wa kansa lokaci, ya riƙe kuɗinsa da lambobin sirrinsa, kuma kada ya manta da garkuwa. Wanda yake da tsoho a gida, ko ɗan dambe ne ko ɗan kokawa ko maharbi, ya ajiye waya ya je ya zauna kusa da shi, zai ji abin da babu shi a intanet. Allah ya ba mu sa'ar karatu, ya sa mu gama lafiya, amin.